Rana Kyauta Ce, To Ina Tsadar Take? Fashin Baƙi Kan Raba Ruwa da Gishiri

Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin tukunya tana tafasa ya ga yadda ake raba ruwa da gishiri, ko da bai lura ba. Ɗigon nan da ke taruwa a cikin murfin, idan ka lasa za ka ji shi lami, alhali abin da ke cikin tukunyar ya ji gishiri. Tururi ne ya tashi ya bar gishirin a ƙasa, ya ci karo da murfi mai ɗan sanyi, ya koma ruwa. Abin da rana ke yi wa teku ke nan kullum, daga nan girgije yake haɗuwa, daga nan ruwan sama yake zuwa.

Shi ya sa mutane da yawa ke mamaki. Kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya ruwan gishiri ne. Fiye da mutum biliyan 2 ba su da tsabtataccen ruwan sha da za su dogara da shi. Kuma da yawa daga wuraren da ƙishirwa ta fi addaba suna bakin teku ne, ko kuma suna zaune a kan ruwan zartsi, ga rana tana dukansu daga safe har yamma. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Tunda ruwan na nan, ranar ma ba ta kuɗi ba ce, me ya hana a haɗa su a huta?

Abin da ya hana shi ne, ba rana ake biya ba tun farko. Fili ake biya, da gilashi, da ƙarfe, da famfo, da matata, da wanda zai zo ya gyara idan abu ya tsaya. Don haka ma'aunin da ya kamata a riƙe a wannan magana guda biyu ne: lita nawa kowane murabba'in mita na na'ura zai ba da a yini, kuma shekara nawa zai yi yana ba da ita kafin gishiri ya ci shi.

A fara da tsohuwar hanya. A shekarar 1872 wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Charles Wilson, ya gina wata matatar ruwa a Las Salinas, cikin hamadar arewacin ƙasar Cile, inda masu haƙar ma'adinai da alfadaransu ba su da abin sha sai ruwan gishiri. Kwamaye ne na katako da aka baƙanta cikinsu, aka zuba ruwa kaɗan, aka rufe da gilashi a karkace. Rana ta ratsa gilashin ta ɗumama ruwan, tururi ya tashi ya lafe a jikin gilashin, ɗigo ya bi gangare ya faɗa wata 'yar kwata da ke gefe. Faɗin wurin ya kai murabba'in mita 4,700, yana ba da fiye da lita 20,000 a ranar da aka yi rana sosai, kuma ya yi kusan shekara 40 yana aiki. Idan ka raba, kowane murabba'in mita yana ba da lita huɗu zuwa biyar. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, idan yau ka haɗa irin wannan kwami da gilashi na zamani, lita uku zuwa biyar ɗin nan dai za ka samu. Shekara 150 ba ta ƙara masa komai ba.

Laifin ba na masu ƙira ba ne, halin ruwa ne. Ruwa yana da taurin kai wajen zama tururi. Zafin da za ka kashe kafin lita ɗaya ta ƙone ta zama tururi kaf ya ninka wanda za ka kashe wajen kai ta ga tafasa kusan sau bakwai. A lissafin lantarki, kimanin kilowat-awa 0.65 ne kan kowace lita. Ƙasa mai rana sosai kuwa tana samun kilowat-awa biyar zuwa bakwai a kan kowane murabba'in mita a yini. Mu ɗauki shida. Ko da ba a yi asarar ko ƙwayar zarra ta zafin ba, lita tara ce iyakarka. A zahiri kuwa fiye da rabi yana salwanta: wani ya tafi wajen ɗumama ruwan da ke ƙasan kwamin wanda ba zai tashi ba, wani ya zurare ta gindi da gefe, wani gilashin ya mayar da shi sama. Gidan mutum biyar da kowa ke buƙatar lita 20 a yini don sha da girki da ɗan wanke-wanke, sai ya shimfiɗa gilashi na fiye da murabba'in mita 20. Gari guda fa? An gwada a shekarun 1960 a tsibiran Girka irin su Symi da Patmos, da Coober Pedy a Ostireliya, daga baya aka yi watsi da su. Gilashi yana fashewa, ƙura tana rufe shi, ruwan kuma bai taka kara ya karya ba.

Gyara na farko da masu bincike suka kawo a 'yan shekarun nan mai sauƙin fahimta ne. Tururi daga saman ruwa yake tashi, to don me za a ɗumama ruwan duka? A 2014 wasu masana a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna wani baƙin abu mai kama da soso da ke yawo a saman ruwa. Samansa yana shanye hasken rana, ƙasansa yana hana zafin gangarawa, 'yan ƙofofin jikinsa kuma suna tsotso ruwa kaɗan-kaɗan zuwa sama kamar yadda lagwani ke jan mai a fitila. Wannan ɗan siririn ruwan ne kawai yake ɗaukar zafi. Tun daga nan aka yi ta gwada kayayyaki iri-iri, daga katakon da aka babbake samansa zuwa takarda da aka shafa wa baƙin gawayi, kuma da yawansu suna mayar da kashi 80 zuwa 90 na hasken ya zama tururi.

A nan akwai abin da nake so mai karatu ya riƙe idan ya ga labarin wata sabuwar ƙira. Galibin alkaluman da ake yaɗawa na tururin da ya tashi ne, ba na ruwan da aka tara a kwalba ba. A ɗakin gwaji kan sikeli ake ɗora abin, a haska masa fitila, a riƙa duba nauyin da ya ragu, iska kuma tana kwashe tururin. Da zarar ka rufe shi don ka kama tururin, labari ya canza. Hazo ya lulluɓe murfin ya tare haske, iskar ciki ta ƙoshi da laima ta daina karɓar wani tururin. Kuma ko an yi nasara ɗari bisa ɗari, silin yana nan: kimanin lita ɗaya da rabi a awa kan murabba'in mita, da tsakar rana.

Hanyar fasa wannan silin ita ce gyara na biyu, kuma shi ne mai ma'ana. Duk zafin da ruwa ya sha kafin ya zama tururi, yana amayar da shi a lokacin da ya koma ruwa. Taɓa murfin tukunyar nan ka ji. A kwamin Wilson wannan zafin iska yake bi ta jikin gilashi, an yi amfani da shi sau ɗaya an zubar. To idan aka sa bayan farantin da tururi ke lafewa a kai ya zama shi ne murhun wani jiƙaƙƙen lagwanin na biyu fa? Tururin na biyu ya lafe a faranti na gaba, ya ɗumama na uku, haka har zafin ya ƙare. Dabarar tsohuwa ce, da ita manyan masana'antun ruwa na Kuwaiti da Saudiyya suka daɗe suna aiki, sai dai su da man fetur da gas suke hura wutarsu. Sabon abu shi ne mayar da ita ƙarama, ba famfo, ba lantarki. A 2020 masana daga MIT da jami'ar Shanghai Jiao Tong ta ƙasar Sin suka haɗa mai hawa goma, suka samu lita 5.78 a awa kan murabba'in mita. Sun kira ingancinta kashi 385 cikin 100, wanda a kunne kamar tatsuniya, amma ma'anarsa kawai an mori zafin rana guda kusan sau huɗu. Shekara ɗaya kafin nan, a jami'ar KAUST ta Saudiyya, an manna irin waɗannan hawa-hawa guda uku a bayan farantin sola, zafin da farantin ke zubarwa a banza ya ba da fiye da lita ɗaya da rabi a awa, lantarkin kuma bai fasa fita ba.

Sai gishiri. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35, na Tekun Fasha ma ya haura 40. Na'urar da ta ba ka lita 30 a yini ta bar wa kanta fiye da kilo ɗaya na gishiri a kowane murabba'in mita, yau da gobe da jibi. Da farko wani ɗan fari-fari za ka gani a gefen baƙin soson, kamar busasshen gumi a jikin riga. Kafin kwana kaɗan ya zama ɓawo. Farin ɓawon yana mayar da hasken da ake so a shanye, ƙofofin da ruwa ke hawowa sun toshe, na'urar da ta burge kowa ranar farko ta koma kwano. Iya ƙwazon na'ura wajen ba da ruwa, iya saurin da take shaƙe kanta.

An bi ta hanyoyi da dama. Wasu suna barin gishirin ya narke ya koma ƙasa da daddare. Wasu suna ƙera abin yadda gishirin zai taru a baki-baki ya riƙa faɗuwa da kansa, har a kwashe shi a sayar. Wadda ta fi burge ni ita ce ta amfani da nauyin ruwan kansa: ruwan da gishirinsa ya yi yawa ya fi nauyi, idan aka huda masa ƙofofi daidai misali zai nitse da kansa, sabon ruwa ya hau ya maye gurbinsa. Ƙungiyar nan ta MIT da Shanghai ta nuna haka a 2022, a 2023 kuma ta haɗa shi da tsarin hawa-hawa, suka ƙiyasta cewa mai girman akwatin tafiya zai iya ba da lita huɗu zuwa shida a awa. Ƙiyasi ne, kuma gwajin kwanaki ba ya gaya maka abin da shekara biyar a bakin teku za ta yi wa abu. Bayan gishirin ci ma akwai wasu ma'adinai dangin farar ƙasa, waɗanda zafi ke sa su daskare su kama jikin ƙarfe kamar dutsen da ke fitowa a cikin butar shayi, kuma su ruwa ba ya wanke su da daddare. Saboda su ne wasu manyan masana'antun tururi ba sa yarda zafin ruwansu ya wuce digiri 70.

Duk wannan magana ta masu tafasa ruwa ce. Amma mafi yawan ruwan da ake cire wa gishiri a duniya yau ba a tafasa shi. Matse shi ake yi. Wajen shekarar 1960, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan na jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles suka ƙera wani tantani da ruwa ke iya ratsawa gishiri bai bi shi ba, a 1965 kuma garin Coalinga na jihar Kaliforniya ya fara shan ruwan da aka tace da shi. Ita ce hanyar da injiniyoyi ke taƙaita sunanta da RO. Ana tura ruwan teku a jikin tantanin da matsin da ya ninka iskar tayar mota kusan sau talatin. Tunda ba a mayar da ruwan tururi ba, ba a biyan wancan ƙaton bashin zafi. Masana'anta ta zamani tana cin kilowat-awa uku zuwa huɗu kan lita 1,000. Tafasa lita 1,000 sau ɗaya kuwa 650 ne. Wani ɓangare na wannan sauƙi ya zo ne daga dabara irin ta hawa-hawa: ragowar ruwan da ke fita har yanzu yana da matsi a jikinsa, sai aka ƙera abin da ke karɓe matsin ya miƙa wa ruwan da ke shigowa.

Yanzu koma kan murabba'in mitarmu mai kilowat-awa shida. Shimfiɗa farantin sola a kai. Kashi 20 cikin 100 kawai zai mayar lantarki, wato 1.2, sauran ya tafi a zafi. Ka ba famfon RO wannan ɗan lantarkin, zai ba ka kusan lita 300. Kwamin gilashi lita biyar, mai hawa goma wajen talatin idan komai ya tafi daidai, faranti da tantani ɗari uku. Farantin da ke zubar da kashi huɗu cikin biyar na rana ya tsere wa soson da ke shanye kashi 90, tserewa ba ta kusa ba. Ga kuma farashin farantan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa yau. A ganina duk wanda ke maganar shayar da gari da hasken rana, nan ne maganarsa za ta fara.

Manyan ƙasashen da suka dogara da wannan ruwa can suka karkata. Saudiyya ta buɗe masana'antar Al Khafji a 2018, mai lita miliyan 60 a yini, da gonar sola a gefenta. Ta Taweelah a Abu Dhabi an gina ta don lita miliyan 909 a yini. A aikin Hassyan na Dubai an ƙulla farashin da bai kai santi 37 na dalar Amurka ba kan lita 1,000. Sai dai a karanta waɗannan da lura. Irin waɗannan masana'antu dare da rana suke aiki, suna jone da babban layin wuta, sola wani kaso take ɗauka. Farashin kuma na bakin ƙofar masana'anta ne, ba a sa kuɗin tura ruwa zuwa gari mai nisa ko mai tudu ba, ruwa kuwa kaya ne mai nauyi. Sannan kada a sa ran wata ƙira za ta zo ta rage cin wutar sau goma: dokar halitta ta sa ba za a iya raba rabin ruwan teku da gishirinsa da ƙasa da kimanin kilowat-awa ɗaya kan lita 1,000 ba. An riga an matso kusa.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan wurare: ƙauyen masunta, tsibiri, gari a tsakiyar hamada da rijiyarsa ta zartsi, ko gaɓar Bangladesh inda teku ke kutsawa cikin ruwan ƙasa. A can ba layin wuta, kuma tantanin RO ba ya son a kunna a kashe, matsi ya hau ya sauka duk lokacin da girgije ya gifta. Maganin da aka saba shi ne batir, kamar yadda aka yi a matatar Kiunga ta gaɓar Kenya da aka buɗe a 2018. Amma batir yana da tsada, kuma a wuri mai zafi yakan riga sauran kayan mutuwa. Tunanin da ya fi shi shi ne a daina ajiye lantarki, a ajiye ruwa. Tanki ya fi batir araha, ya fi shi daɗewa. Sharaɗin dai na'urar ta iya bin rana sau da ƙafa, ta yi gudu idan ta buɗe, ta lafa idan ta lumshe.

A 2024 wata ƙungiya a MIT ƙarƙashin Amos Winter ta nuna haka da wata hanya ta daban, wadda maimakon a tura ruwa ya bar gishiri, lantarki ne ke fizge gishirin ya bar ruwa. Gishiri idan ya narke yana rabuwa zuwa ƙwayoyi masu caji iri biyu, kowanne sai ya nufi sandar da ke jansa, ya ratsa tantani ya kasa dawowa. Na'urarsu tana duba ƙarfin rana sau uku zuwa biyar a daƙiƙa tana daidaita gudunta. Wata shida tana aiki kan rijiyoyin zartsi a jihar Niu Meksiko ta Amurka, ta mori fiye da kashi 94 na wutar farantan, tana ba da har lita 5,000 a yini, ba tare da rumbun batir ba. Wannan hanya iya yawan gishiri iya cin wutarta, shi ya sa ta dace da zartsi, wanda gishirinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na teku ba, galibi ma ƙasa da haka sosai.

Ko an warware maganar wuta, tantani abu ne mai tsirfa. Yashi yana toshe shi, gansakuka da ƙwayoyin cuta suna yin yauƙi a jikinsa, sinadarin kulorin da za ka kashe su da shi kuma yana cinye tantanin kansa, don haka sai an sa an kuma cire kafin ruwan ya iso. A 2008 zuwa 2009 wata ambaliyar jan gansakuka a Tekun Oman ta tilasta wa masana'antu tsayawa. Idan masu injiniyoyi a tsaye sun sha haka, ina ga ƙauyen da mai gyara sai ya yi tafiyar yini? Bayan 'yan shekaru dole a sauya tantanin, kuma idan ba a riƙa ware kuɗinsa daga ranar farko ba, ranar da ya mutu aikin ya mutu. A nan ne na'urorin tururi marasa famfo suke da gurbinsu, duk da ƙarancin ruwansu. Ba abin da ke juyawa a cikinsu balle ya lalace. Ruwan sha na gida ɗaya, kwale-kwale a tsakiyar teku, wurin da bala'i ya afka wa: tun lokacin yaƙin duniya na biyu wata masaniya mai suna Maria Telkes ta ƙera wata ta roba da ake hurawa don matuƙan da jirginsu ya faɗa teku. Wani ɗan abin lura kuma, ruwan da ya fito ta kowace hanya ya yi tsabta har ta yi yawa. Ba ɗanɗano, ba sinadaran kalsiyam da maganiziyam, yana kuma cin bututun ƙarfe, shi ya sa ake ratsa shi ta cikin tsakuwar farar ƙasa kafin a sha.

Saura abin da ba a cika sawa a hoton buɗe aiki ba. Gishirin da aka cire bai ɓace ba, yana cikin ragowar ruwan. Wani nazari da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga cikinsa a 2019 ya ƙirga masana'antu kusan 16,000 a duniya, suna ba da ruwan daɗi lita biliyan 95 a yini, suna zubar da kakkauran ruwan gishiri lita biliyan 142. Kowace lita da aka sha, lita ɗaya da rabi aka zubar, kuma Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Kuwaiti da Katar su ke da kashi 55 na wannan. A teku, idan ba a watsa shi ta bututu mai bakuna da yawa inda igiyar ruwa za ta gauraya shi ba, nitsewa yake yi ya kwanta a ƙasa ya shaƙe halittun wurin. Ana yawan maganar haƙo dukiya daga cikinsa. Gishirin ci da maganiziyam da buromin ana iya samu, amma litiyam da ake ta kwaɗayi bai kai miligiram 0.2 a litar ruwan teku ba.

Ragowar nan ita ce wurin da na fi ganin amfanin baƙin soso da danginsa. RO yana da iyaka: idan gishiri ya kai kusan ninki biyu na teku, matsin da ake buƙata ya fi ƙarfin tantanin. Tururi kuwa ba ruwansa da kauri, yana tashi har sai gishiri ya bushe ƙayau. Don haka tantani ya ɗebi kaso mai yawa da araha, zafin rana ya ƙarasa abin da ya rage, ya rage girman tafkin shanya da ake buƙata.

Wannan ya fi matsa wa mutanen tudu, waɗanda ba su da tekun da za su mayar wa kayansa. A ce wani gari yana tace lita 10,000 a yini daga rijiya mai giram biyar na gishiri a lita. Kilo 50 ke nan kullum, fiye da tan 18 a shekara. Idan aka malala ragowar a ƙasa, gonar wurin ta mutu, ruwan kuma ya tsiyaya ya koma rijiyar da aka ɗebo shi, gishirinta ya ƙaru, famfon ya ƙara cin wuta. Idan aka haƙa tafkin shanya, sai an shimfiɗa masa ledar da ba ta yoyo, sai an kewaye shi kada dabbobi su sha, sai kuma an san wanda zai zo da shebur da mota duk bayan 'yan watanni ya kwashe, da inda zai kai.